Hoton Kawu a Takardar Auduga

Injin buga hoton da ke shagona a Ƙanƙara ƙanena ne ya aiko mini da shi daga Abuja, a bayan a-kori-kura, an ɗaɗɗaure shi da igiya, an tallafe shi da tsohuwar katifa. Tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, sai da muka cire ƙyauren shago kafin ya shiga. Na hannu ne, wasu suka gaji da shi suka sayar, amma a lokacin ni dai ban san wani mai irinsa ba a duk yankinmu. Kafin zuwansa, mai son babban hoto sai an kai masa aikin Funtuwa ko Katsina. Da ya zo, angwaye da amare da masu neman kansila da alhazan da suka dawo daga Makka duk suka zama nawa. Abin da suke so bai wuce abu ɗaya ba: hoto ya yi ƙyalli, fuska ta yi haske, a manna masa leda yadda ko an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ba abin da zai same shi. Wanda ba shi da babbar riga in sa masa a kwamfuta, wanda haƙorinsa ya fita in mayar masa da shi. Ban taɓa jin kunyar wannan aiki ba. A wurinmu mutum ba ya tsayawa gaban kyamara sai ya shirya, kamar yadda ba ya zuwa Idi da kayan gona.

Ƙanen nan nawa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma mai hoto ne, amma ba irina ba. Nasa hotunan ba a rataye su a falo kusa da agogo. A wasu manyan ɗakuna ake jera su, mutane su zo su tsaya a gabansu suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Aikina kuwa kwalliyar ƙarya yake ce masa, ni kuma in ce nasa tonon silili ne da Turanci. Muna yi muna dariya a da. Zan faɗi gaskiya, yaron yana da ido. Abin da ni zan wuce ban gani ba, shi sai ya tsaya a kansa, kuma idan ya ɗauko shi sai ka rasa inda za ka kai dubanka.

Kawu yayan mahaifiyarmu ne. Da mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, hatsin Kawu muka ci muka girma, ni da ƙanen nawa. Kowace kaka buhunan masara da dawa za su iso ƙofar gidanmu, ba aike, ba gori, sai dai direba ya ce a gaida yara. Sarkin noma ne a wani ƙauye da ke bayan 'Yankara, kuma ba sarautar baki ba ce. Rumbunansa sun fi ɗakunan kwanan gidan yawa. A zaurensa akwai hoto guda ɗaya, wanda aka ɗauke shi ranar da aka ba shi sarautar, yana tsaye cikin farar riga, da sanda a hannu, yana kallon mai hoton kamar ya zo neman aron iri. Duk baƙon da ya shiga zauren sai ya ɗaga kai ya gaisa da hoton kafin ya zauna.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, rumbunan suka ƙone, zauren ya ƙone, shanun suka bi daji. Kawu ya fito da matarsa, wadda muke kira Inna, da jikoki, suka sami ɗaki ɗaya a bayan gidan wani a Faskari. Na yi ta roƙonsa ya dawo wurina ya ƙi, wai ba a zama gidan ɗan ƙanwa. Abin da nake iya kai musu nakan kai, rabi ya karɓa, rabi ya ce in mayar wa 'ya'yana. Ban taɓa jin ya ambaci shanu ko rumbu ba. Abu ɗaya kawai yake maimaitawa, hoton nan na zaure. A Faskari ba wanda ya ga rumbunansa sai 'yan kaɗan, yaran unguwa kuwa tsohon gudun hijira suke ce masa. Yana so a sami wani abu a bango da jikokinsa za su nuna su ce ga kakanmu. Na ce masa ya zo in ɗauke shi, ya ce in bari ya ɗan murmure, wuyansa ya yi tsawo da yawa.

Sai ga ƙanena ya zo gida da wata kyamara mai dogon baki. Da Kawu ya ji na Abuja ne zai ɗauka, nan take wuya ya daina tsawo. Abin ya ɗan sosa mini rai, amma na haɗiye, na bi su Faskari ranar ɗaukan.

Riga ita ce matsala, domin Kawu da kayan jikinsa ya fito. Aro ya yi wurin wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwa. Wannan Alhaji na san shi tun ina yaro. A da, in kaka ta yi, shi ne yake zuwa ƙauye da mota, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban Kawu yana neman a sayar masa. Yanzu ya yi tumbi ya yi shaguna, kuma har lokacin Sarkin Noma yake kiran Kawu, sai dai akwai wata 'yar dariya da yake liƙa wa sunan a ƙarshe. Ya ba da rigar, shuɗiya mai aiki har ciki, da hula, ya kuma tabbatar duk majalisarsu ta san shi ya bayar.

Kawu ya yi aski, ya sa kwalli, ya tsaya a jikin bangon masallaci ya ɗaga kafaɗa. Inna ta leƙo ta zana tana cewa a gyara masa hannun rigar. Ƙanena ya danna sau biyu ko uku yana hira da ni, ya ce an gama. Na lura ko durƙusawa bai yi ba, shi da na sha ganin ya kwanta rub da ciki a kan turɓaya saboda hoton akuya. Kawu ya tambaya ko zai kai girman wancan na zaure. Ƙanena ya ce masa zai kai girman ƙofa. Na koma Ƙanƙara a ranar, shi kuwa ya ce zai kwana biyu wurin Kawu ya zazzaga.

Da ya dawo shagona, da wani dogon kwali ya shigo a kafaɗa, ya hana kowa taimaka masa. A ciki akwai naɗin takarda da ya zo da ita tun daga Abuja. Ya ce da auduga aka yi ta, kuma tana iya shekaru fiye da na mutum ba ta koɗe ba. Na miƙa hannu zan ji kaurinta ya buge mini yatsu.

"Yaya, ba a taɓa ta da hannu. Maiƙon yatsa yana zama a jikinta, kuma ba ya fita."

Ya fito da farar safar hannu ya ba ni, irin ta masu gadin sarauta. Na sa ina dariya. Takardar ba ta da ƙyalli ko kaɗan, fara ce mai laushi kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa, kuma tana da kauri, in ka lanƙwasa ta da ƙarfi ta karye. Ya koya mini hidimarta, kuma hidimar ta fi ta jariri. Fuska ɗaya ce take shan tawada, sai ka gane ta. Kafin a sa ta a inji sai an bi ta da buroshi mai laushi, domin in ɗan zare ya kwanta a kai, tawada ta hau shi, daga baya ya faɗi ya bar farin ɗigo. Baƙar tawadar da nake amfani da ita ba ta yi mata, sai da muka juya injin zuwa ɗaya baƙar da ban taɓa kunnawa ba. Muka ɗaga kan injin saboda kada ya goge ta. In an gama bugawa ba a naɗewa, ba a ɗora komai a kai, sai a shimfiɗa ta a tebur ta sha iska har washegari. Na ce to ledar fa? Ya dube ni kamar na ce a zuba manja a fura.

Muka fara da hoton wani rumbu da ya ƙone rabi. Da ya fito na ƙura masa ido. Shekarun da na yi ina buga hoto ban taɓa ganin baƙi irin wannan ba. Kana kallon bakin rumbun sai ka ji kamar in ka zura hannu zai shige. Ba walƙiyar da za ta tare maka ido, ta kowane gefe ka tsaya abin yana nan yana kallonka. Na yaba, kuma har zuciyata na yaba.

Sai ya ce saura babban. Ya saita faɗin takardar gaba ɗaya. Na ɗauka na rigar ne, har na ce ashe Kawu zai sha gata.

Injin nan a hankali yake aiki, kan yana kaiwa yana komowa, hoton yana fitowa kaɗan-kaɗan kamar ana saƙa. Da farko ƙofar wani shago ce ta ƙarfe, a rufe, da kwaɗo. Na ga kamar na san ƙofar. Sai ga wani kai ya fara fitowa, tsirara, ba hula, da sabon aski. Sai kunne. Sai tsagen da ke gefen fuska, wanda na sani kamar yadda na san na mahaifiyata.

Kawu ne a tsugune, cikin wata yagaggiyar singileti, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Hularsa tana hannun hagu, a buɗe kamar ƙwarya. Hannun dama yana ƙasa, yana tsintar ƙwayoyin masarar da suka zube inda aka sauke buhuna. Takardar nan ba ta rage komai ba. Kana iya ganin kowace ƙwaya a cikin hular, da yashin da ya biyo ta, da faso a diddigensa, da kashin awaki kusa da ƙafarsa. Ƙofar da ke bayansa kuwa ta shagon Alhaji ce.

Na tambayi ƙanena inda ya samo wannan. Ya ce ya lura washegarin kasuwa Kawu bai dawo daga sallar asuba tare da mutane ba, sai ya bi shi daga nesa. Ya faɗa mini haka yana murmushi, kamar maharbin da ke ba da labarin barewa.

Na yi masa tatas. Na ce mutumin da ya zaɓi lokacin da ba kowa don ya rufa wa kansa asiri, kai ka bi shi da dogon baki ka tone. Na ce masarar da ta gina ƙashin bayanka daga rumbun wannan tsohon ta fito. Ya saurare ni har na gaji, ko a jikinsa.

"Yaya, ai saboda shi nake yi. Duniya ba ta san abin da aka yi wa mutanenmu ba. In na kai musu tsoho cikin rigar aro, wa zai tsaya ya duba?"

"Duniya ba ta san Kawu ba," na ce. "Faskari ta san shi."

Ya rantse mini cewa Abuja kawai hoton zai je, ba wanda zai gan shi a nan. Na ce to ba ni na rigar in buga wa Kawu a takardata mai ƙyalli, in sa firam, in kai masa. Ya ce gobe. Na kai hannu zan kashe injin, ya ce in tuna wanda ya aiko da shi. Maganar ta shige ni sosai, na janye hannuna. Hoton ya gama fitowa, ya yanke shi, ya shimfiɗa a babban teburin da ke tsakiyar shago don ya sha iska. Na ce a kai shi ɗakin baya, ya ce can akwai ƙura.

Washegari da hantsi man janareto ya ƙare, na ɗauki jarka na tafi gidan mai, na tarar da layi. Da na dawo na ga motar Alhaji a ƙofar shagona, da takalman dattawa a jere a bakin ƙofa.

Ashe tun da aka ɗauki hoton Kawu bai da zance a majalisa sai shi. Ya gaya musu ɗan ƙanwarsa na Abuja zai fito da shi girman ƙofa. Ranar Alhaji yana da sayayya a Ƙanƙara, sai ya ce su zo a je a gani da ido. Suka taho da limamin unguwarsu da wani tsoho abokin hirarsu. Kawu ya sake karɓar rigar ya sa, saboda a gan shi a gan hoton.

Na same su tsaye sun kewaye teburin. Ƙanena yana gefe da safarsa a hannu, bai rufe hoton ba, bai kuma yi yunƙurin rufewa ba. Daga baya ya ce mini shigowa suka yi ba zato. Na yarda. Amma na ga idonsa a lokacin, fuskokinsu yake karanta, yana so ya ga yadda aikinsa ya kama su.

Ba wanda ya amsa sallamata. Liman ya kawar da kai yana kallon hotunan amaren da ke bango, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Alhaji ne ya sunkuya, ya ƙura ido, ya nuna kwaɗon da ke jikin ƙofar.

"Kai, wanga ai shagona ne." Ya ɗago ya dubi Kawu, dariyar nan tasa ta fara tahowa. "Sarkin Noma, ashe kai ne ka share mani ƙofa? Ni ko ina ta zargin awakin mutane. Ai da ka faɗa mani, sai in sa a riƙa tara maka sharar wuri guda, ka huta da tsugunno."

Tsohon nan abokin hirarsu ya yi wata 'yar dariya ta hanci, sannan ya mayar da ita tari. Na ji kamar in ɗauki jarkar man in juye wa Alhaji a ka.

Kawu bai dube shi ba. Ya dubi ƙanena, ya yi magana a hankali.

"Ɗana, ina wancan? Na rigar."

Nan ne na so yaron ya yi ƙarya. Ƙarya ɗaya ƙarama, ya ce yana cikin kwamfuta, ya ce sai gobe, ni in san yadda zan yi. Amma shi mutumin gaskiya ne, da ita yake taƙama.

"Wancan bai yi ba, Kawu, na goge shi. Ba rai a cikinsa. Wannan shi ne kai."

Kawu ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin taki. Ya matsa kusa da teburin. Mutanenmu ba sa kallon hoto da ido kawai, sai sun shafa, shi ya sa nake sa leda. Ya ɗaga hannu ya ɗora babban yatsansa a kan tsiraran kan nan na cikin hoton, kamar mai son ya rufe shi. Da zafi aka taho, hannunsa da gumi.

Ƙanena ya yi tsalle ya cafke masa wuyan hannu ya fizge.

"Kada ka taɓa! Kawu, ka ɓata mini takarda."

A gaban liman, a gaban Alhaji, yaron da Kawu ya ciyar ya riƙe masa hannu kamar an kama ɓarawon kasuwa. A kan hoton, daidai tsakiyar kai, shatin yatsa ya fito, baƙin wurin ya yi wani ƙyalli da bai kamata ba. Ƙanena ya saki hannun ya sunkuya yana duban wurin ta gefe, yana tsaki.

Kawu ya ce, "Yi haƙuri. Ban san ba a taɓawa ba."

Wannan haƙurin da ya bayar ya fi komai ƙona mini rai, har yau. Na ture ƙanena gefe, na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Liman ya shiga tsakani yana salati. Muna cikin haka ban lura ba, ashe Kawu ya tuɓe rigar. Na juyo na gan shi yana ninke ta a kan kujerar da amare suke zama, hannu kan hannu, yadda Inna take yi. Ya ɗora hular a sama ya miƙa wa Alhaji. A ƙarƙashin rigar singiletin nan ce ta cikin hoton. Alhaji ya ce haba, ya bari sai an koma gida mana. Kawu ya ce a'a, ta yi mashi nauyi.

Na cire rigata na ba shi, na ba shi hulata. Ya karɓa saboda titi. Na ce ya zauna yanzu-yanzu in ɗauke shi da kyamarata, in sa masa rigar da ta fi ta kowa, kafin la'asar ya tafi da abinsa a firam. Ya ce, "Bari, ɗana. An riga an ɗauka." Bai shiga motar Alhaji ba. Na raka shi tasha, na tsaya har mota ta cika.

Da na dawo ƙanena ya ce a tada janareto a sake buga wani. Na ce in ya ga injin nan ya sake motsi a kan hoton Kawu to ba ni ne a shagon ba, in kuma injinsa yake so ya nemo a-kori-kura. Bai ɗauki injin ba. Ya naɗe sauran takardarsa ya tafi Kano, aka buga masa a can. Wanda ya ɓaci ya bar mini shi a tebur, ya ce ba shi da amfani. Na naɗe shi na jefa bayan kabad.

Labari ya riga Kawu isa Faskari. Alhaji ba mugun da zai tsaya a kasuwa ya yi shela ba ne, shi dai ba ya iya riƙe abin dariya. Washegarin kasuwar da ta biyo baya aka aiko wa Inna da sharar masara a tsohon buhu, da yashi da komai, wai saƙo ne ga Sarkin Noma. Ko da kyakkyawar niyya aka aiko, Allah ne masani. Kawu ya daina zama a majalisa. Ya koma yin sallah a wani masallaci na bayan gari inda ba a san shi ba. Da damina ta matso ya ce zai koma ƙauye ya share gona. Kowa ya hana shi, liman ya hana shi, ni na je har sau biyu. Ya ce can ko ba komai ba mai ganinsa. Ya tafi shi kaɗai, ya kafa bukka a cikin kangon gidansa. 'Yan bindiga ba su taɓa shi ba. Zazzaɓi ne ya kama shi masara tana fitar da gemu, ba kowa kusa, sai masu zuwa itace ne suka tarar da gawarsa.

Ƙanena bai zo jana'iza ba, hanya ba kyau, in ji shi. Ya aiko da ta'aziyya ta waya. A sama da saƙon ta'aziyyar akwai wanda ya turo mini tun kafin nan, wanda ban amsa ba: hoton nan na Kawu a tsugune, an rataye shi a jikin wani farin bango, an haska shi da fitila, a bayan gilashi, mutane masu kyawawan kaya sun tsaya a gabansa. An ja wata igiya a ƙasa yadda ba wanda zai matsa kusa ya taɓa.

Bayan an yi sadakar arba'in Inna ta sa aka kira ni. Ta ce jikoki suna tambaya, ƙaramar cikinsu ta fara mance kamanninsa. Ta ce ta san an ɗauke shi da riga a jikin masallaci, da idonta ta gani, in taimaka in kawo mata ko ƙarami ne. Ban iya gaya mata an goge ba. Na bincika wayoyin dangi kaf. Kawu ba mai shiga hoton biki ba ne, ba wanda yake da shi. Katinsa na zaɓe ma ya ƙone tare da gidan. A duk duniya hotonsa ɗaya ne ya rage.

Na jawo shi daga bayan kabad na warware. Kyankyasai sun bi ta kai, amma takardar nan ko gezau, tana nan yadda ƙanena ya yi alkawari. Na ɗauki fuskar da kyamarata na shigar a kwamfuta. Na cire shagon Alhaji, na cire singileti, na cire masarar. Na sa masa farar riga irin ta hoton zaure, na ɗora masa hula daidai inda shatin yatsansa yake, na sa koren labule a baya. Duk iyawata na zuba a wurin. Na buga a takardata mai ƙyalli, na manna leda, na sa firam mai ruwan zinare.

Na kai mata Faskari da kaina. Jikoki suka taru suna shafawa, suna cewa ga Baba, ga Baba. Inna ta karɓa ta goge ledar da bakin zanenta, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana kallo. Ban san abin da ta sani ba game da masarar da yake kawo mata washegarin kasuwa, ita da take tsince yashin kafin ta kai niƙa, ban kuma taɓa tambayarta ba.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce. "Ka sa mashi riga, ka sa mashi hula." Ta karkata firam ɗin, ta sake dubawa ta ƙasa, kamar mai neman su haɗa ido. "Amma ba ka ɗago mashi kai ba."

Na ce mata injin ba ya iya wannan. Ta ce to, ba komai. Ta ba babban jikan ƙusa ta ce ya kafa ta can sama, kusa da rufi, yadda in mutum ya tsaya a ƙasa zai zama kamar shi Kawu yake kallo.